Kwana Uku a Daɗin Kowa ta Jos

Wanda ya taɓa hawa ƙasar Filato ta hanyar Akwanga ya san Hawan Kibo, inda manyan motoci suke nishi kamar tsofaffi. A gindin hawan nan ne ruwan Assop yake zubowa daga kan duwatsu. Mun tsaya can a watan Maris na bana, muka wanke fuska, muka kuma yi wasa da ruwa kamar yara. Da mun san abin da za mu tarar a gaba, da mun cika jarka ko biyu. Daga nan muka hau, iska ta sāke, muka wuce duwatsun Riyom da suke ɗaure da juna kamar wani ya jera su da hannu, muka bi ta Mararrabar Jama'a da Bukuru. Kafin magariba muka sauka a Daɗin Kowa, wata unguwa a Jos ta Kudu, a kan hanya tsakanin Bukuru da cikin garin Jos.

Kada masu karatu su ɗauka Daɗin Kowa ta Gombe muke nufi. Waccan tana da babbar madatsar ruwa a kan kogin Gongola, har garin Gombe yana sha daga cikinta. Abin mamaki kuwa, Gongola ɗin daga tsaunukan Filato ya taso, haka kuma kogin Kaduna. Jos tana bisa tudu wajen mita 1,200, ruwan samanta ya fi na Kano nesa ba kusa ba, daga Afrilu har Oktoba. Ga shi kuwa a ƙasar nan mai shayar da waɗansu, matar mai masaukinmu ta kawo mana ruwan wanka rabin bokiti, tana ta ba da haƙuri. Akwai famfo a tsakar gidan. An ɗaura masa tsumma, kaza tana kwance a gindinsa.

Mai masaukinmu, wani dattijo ne da ya bar aikin koyarwa, ya bayyana mana dalili. Birnin yana da madatsu, irin su Lamingo da Liberty, da kuma babbar madatsar Yakubu Gowon a Shen. Amma ruwa ba ya hawa tudu da ƙafarsa, sai inji ya tura shi, inji kuwa sai da lantarki. In wuta ta ɗauke, famfo ya bushe. Bututan kuma sun tsufa, an binne su tun garin bai kai haka ba, wani lokaci ma masu gyaran hanya su fasa su. Rijiyoyin gida suna taimako da damina, amma ƙasar dutse ce, mai haƙa ba ya nisa sai ya ci karo da fā. Daga Fabrairu guga ya fara komowa da laka. Akwai kududdufan da masu haƙar kuza suka bari ko'ina a ƙasar, cike da ruwa rani da damina, amma iyaye suna tsoronsu, gama suna da zurfi, sun kuwa ci yara da dama.

Mun zo ne domin mu ga ƙungiyar mazauna layinsu, wadda muka ji labarinta. Suna taro ran Asabar da la'asar a wani ajin makarantar firamare. Ba su zaɓi Asabar a banza ba: Jumma'a ta masallaci ce, Lahadi ta majami'a. Manya suka zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Akwai Birom masu ƙasa, da Hausawa, da Angasawa, da Tarok, da Yarabawa, da Ibo, amma da Hausa aka yi dukan maganar, kamar yadda aka saba a Filato tun zamanin barikokin kuza. Shugaban Kirista ne, mataimakinsa Musulmi, suka ce in an sāke zaɓe sai a juya. Ma'ajin kuwa mace ce, mai sayar da hatsi, da wani littafi mai baƙin bango wanda ba ta yarda kowa ya riƙe mata.

Kafin mu faɗi abin da aka tattauna, sai mu koma baya kaɗan, in ba haka ba mai karatu ba zai gane abin da ya sa maganar jarka take da nauyi haka a wurin nan ba. Ran 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a Jos, cikin mako guda aka rasa rayuka wajen 1,000. Ya sāke tashi a ƙarshen Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya kuma tashi a Janairu 2010, har ya kai Bukuru da ƙauyukan kewaye. Tun daga lokacin unguwanni da yawa suka rabu, Kirista suka koma gefe guda, Musulmi gefe guda, maƙwabta na shekara talatin suka sayar da gidaje suka bar juna. Daɗin Kowa tana cikin wurare kaɗan da ba su ƙone ba, ko da yake hayaƙi yana tashi kusa da su. Mata ne suka matsa wa dattawa su zauna. Dattawan addinan biyu suka yi alkawari a gaban jama'a cewa ba za a yi faɗa a unguwar ba, ba kuwa za a bar na waje su shigo su yi ba. Samari suka yi tsaro tare. Wata mai bincike, Jana Krause, ta rubuta labarin a littafinta na 2018, inda ta gwada unguwar da wani ƙauye a tsibirin Ambon na Indunusiya wanda shi ma ya ƙi shiga faɗa.

Dattijon ya ce mana kada mu zaci ƙauna ce ta yi yawa a lokacin. Tsoro ne, da lissafi, da kunyar iyaye. Kuma ba a gama aikin ba har yau.

Ga yadda ruwa ya shiga cikin maganar. A shekarun baya, in famfo ya ɗauke, 'yan mata sukan tashi tun ƙarfe huɗu na asuba su tafi neman ruwa a gidajen masu rijiyar burtsatse, cikin duhu da sanyi. Aka fara ƙwace musu waya a lungu. Wata yarinya ta sha da ƙyar daga hannun waɗansu 'yan shaye-shaye. Wannan ya isa tashin hankali, amma abin da ya fi razana dattawa shi ne wata gardama a layin ɗibar ruwa. Yarinya ta ture jarkar wata, jarkar ta fashe, aka mari juna. Ɗaya 'yar Kirista ce, ɗaya 'yar Musulmi. Kafin rana ta take, labari ya kai bakin titi cewa an hana masu wani addini ruwa, har waɗansu samarin wata unguwa suka fara bugo waya suna tambaya ko a zo. Ranar dattawa ba su ci abincin rana ba, suna bi gida gida da yaran biyu a gabansu, domin kowa ya ga ba wanda aka fasa wa kai. A wani gari wannan faɗan yara ne, a Jos kuwa ashana ce kusa da busasshiyar ciyawa. Daga nan ƙungiyar ta haɗa kwamitin ruwa da na tsaro, suka zama ɗaya.

Sai suka yi karo-karo domin haƙa rijiyar burtsatse ta layi. Haƙa ta fari kuɗi ya tafi a banza, gama inji ya yi ta cin dutse, ƙura kaɗai take fitowa. Ma'ajin ta ce wannan ne lokacin da ƙungiyar ta kusa mutuwa, ana ta gunaguni cewa an ci kuɗi. Ta ɗauki littafinta da rasit na kowane abu, ta karanta a gaban taro tun daga shafin fari har na ƙarshe, sa'a biyu cur, har masu zargin suka gaji suka roƙe ta ta zauna. A karo na biyu suka kira mai auna ƙasa kafin a haƙa, aka sami ruwa a bayan makarantar. Suka sa tanki a bisa ƙarfe, da farantan sola domin kada su dogara ga lantarki ko man janareta.

Dokokin wurin kaɗan ne, an rubuta su da fenti a bango. Ba a buɗe famfo sai gari ya waye, ana kuma rufewa kafin magariba, domin kada wata yarinya ta sāke fita cikin duhu. Jarka ce take bin layi, ba mutum ba. Mata biyu suke riƙe da mabuɗi kowane mako, ɗaya daga kowane addini, kuma maganarsu ita ce hukunci a wurin. Gwauraye da tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu ba sa biyan kuɗin wata, samarin sintiri ne suke kai musu jarka biyu in sun tashi aiki da safe. Mun tsaya wurin da hantsi. Surutu kam akwai shi, da tsegumi, da dariya, amma da wata ta so yin wayo, sai mai mabuɗi ta ce, “'Yata, mai da jarkarki baya.” Ta kuwa mayar.

A taron Asabar ɗin, abin da ya ci lokaci shi ne maganar 'yan garuwa, masu tura kura cike da jarkoki. Yawancinsu samari ne 'yan cin rani daga arewa mai nisa, suna shiga kowane gida, suna ganin inda aka ajiye kowane abu. Wani mai gida ya tashi da zafi ya ce a hana su shiga layin, gama an sace masa janareta. Wata tsohuwa ta amsa masa daga baya, ta ce, “Baba, kai kana da rijiya a gidanka. Ni in an kore su, kai za ka ɗauko mini?” Aka yi dariya, shi bai yi ba. A ƙarshe aka tsaya a kan shawarar da mataimakin shugaba ya kawo: a rubuta sunan kowane ɗan garuwa, da na mai kurar da yake haya, da wanda ya tsaya masa a unguwar. A ganinmu shawara ce mai kyau, gama mutumin da aka san sunansa ya fi wuyar ɗora wa laifin da bai yi ba. Amma mun lura ba a kira ko ɗaya daga cikinsu taron ba, alhali a kansu ake magana.

Akwai kuma tsohuwar gardamar masu gida da 'yan haya, wa zai biya kuɗin tsaro. Ba a gama ta ba, aka ɗaga.

Daren Asabar muka roƙa a bar mu mu bi 'yan sintiri. Ƙarfe goma aka ja ƙofar ƙarfe ta bakin layi. Su shida ne a daren, uku da uku, ba a taɓa barin masu addini ɗaya su fita su kaɗai. Kayan aikinsu tocila, da gora, da usur, da waya. Ba bindiga, ba adda. Duk wanda aka kama, ba a dūkansa, sai a kira shugaba a kai shi wurin 'yan sanda. Wannan doka ita ce mafi wuyar kiyayewa, gama mutane sukan ce an kai ɓarawo da dare, da safe an gan shi yana shan shayi. Duk da haka dattawa sun ƙi sassautawa. Sun san 'yan banga da suka fara da kama ɓarayi a waɗansu wurare, suka ƙare su ne abin tsoro. Sun kuma san in taron jama'a ya kashe mutum a Jos, tambayar fari da za a yi ita ce sunansa, daga sunan kuma a san addininsa.

Ko a watan Maris daren Jos yana da sanyi. Wajen ƙarfe biyu muka ji usur daga ƙarshen layi, gabanmu ya faɗi. Nan da nan fitilu suka kama a gidaje, maza suka fito ƙofa, ba wanda ya ruga, gama ƙa'ida ita ce kowa ya tsaya a bakin gidansa har a faɗi abin da ya faru. Ashe wani ne ya dawo daga asibiti da matarsa, ya tarar da ƙofa a rufe. Aka buɗe masa, aka yi masa sannu, shugaban sintiri ya aika saƙo a WhatsApp na layin cewa lafiya, kowa ya koma ya kwanta. Bayan haka muka zauna a gindin tankin ruwa, gama nan ne masaukinsu, tun da ɓarayi sun fi sha'awar farantan sola da injin rijiya fiye da kome a layin. Wani saurayi a cikinsu, wanda ya gama makarantar kimiyya bai sami aiki ba, ya ce abin da ake ba su bai wuce na sabulu ba, kuma ranar da ya sami aiki zai ajiye gora. Ba mu ga laifinsa ba.

Akwai wata damuwa da dattijon ya faɗa mana a hanyar komawa gida. Duk mai hali yanzu yana haƙa burtsatse a gidansa, maƙwabta kuwa suna kuka cewa ƙananan rijiyoyinsu suna ƙafewa da wuri fiye da dā. Rijiya ɗaya ta layi ba za ta ɗauki unguwa duka ba. Saboda haka kowane wata ƙungiyar tana aika mutum uku da takarda zuwa ofishin masu ruwa, su kai rahoton inda bututu ya fashe, su tambayi ranar da za a saki ruwa. Sau da yawa sukan komo da alkawari kaɗai. Sun ce za su ci gaba da zuwa.

Ran Litinin da asuba muna ɗaura kaya, sai muka ji wani abu yana tari a tsakar gida. Famfon nan ne mai tsumma. Ya yi huci, ya tofar da iska, sa'an nan ruwa ja kamar na kunun kanwa ya fito, a hankali ya washe. Kaza ta tashi a guje. Matar gidan ta ƙwala kira ta kan katanga, maƙwabciya ta kira ta gaba, kafin a jima layin duka ƙarar bokiti da tukwane kake ji. Mu ma muka ajiye jaka muka kama layin miƙa bokiti, aka cika randa biyu da duro guda da dukan abin da yake da baki a gidan. Wajen ƙarfe bakwai famfon ya sāke yin tari, ya yi shiru. Mama ta mayar masa da tsummansa, ta raka mu bakin ƙofa da rigarta a jiƙe, ta ce mu gai da mutanen gida.