Bader Gula: mazan jiya suna tafiya da labarinsu

Wanda ya baro Maraɗi ta Tibiri da Kornaka, yana isa Dakoro ya gama more kwalta. Daga nan in Bader Gula ya nufa, sai ya karkata arewa maso gabas ya miƙa wuya ga ƙura da rairayi. Gonakin gero da wake sukan raka mota na wani lokaci, sannan su fara sirancewa, aduwa da ƙaya su karɓi fili, garken shanu da raƙuma su riƙa tsallaka hanya ba tare da sun dubi direba ba. Nan ne bakin ƙasar noma, kusa da kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta ja iyaka tsakanin mai hauya da mai sanda, iyakar da yunwar ƙasa ta daɗe da tsallakewa. Gaba kaɗan arewa dajin Gadabeji ne, wanda aka keɓe tun 1955. Hausawa, Fulani da Buzaye duk suna shan ruwan rijiya ɗaya a nan, ko da yake ba kullum cikin lumana ba.

Ba noma ko kiwo ya kai ni ba. Tsofaffin sojoji na je nema, waɗanda Nasara ya ɗiba ya kai yaƙe-yaƙensa. Bayan gaisuwa ta lafa a zauren mai gari, na ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai wanda ya yi sojan Faransa a ƙasar nan?" Dattawa suka dubi juna, aka shiga lissafi. Ana ambaton mutum, sai wani ya bi da "Allah ya jiƙansa." Abin da ya rage shi ne 'ya'ya da jikoki, da guntayen labari: wane an ce ya hau jirgin ruwa, wane ya dawo ba ya son ƙarar aradu, wane kuma har ya mutu ba ya tafiya sai da takun fareti.

Ba abin mamaki ba ne. Saurayin da yake da shekara 20 a 1944 yau ya haura ɗari. Wanda ya ga ƙarshen yaƙin Aljeriya a 1962 yana da waɗannan shekarun, yanzu ya wuce tamanin. A ƙasar da asibiti ke da nisa, kaɗan ne ke kai wa nan.

A wani gida aka fito mini da akwatin ƙarfe. Cikin tsumma akwai lambar yabo da ta yi tsatsa da ɗan littafin soja mai rubutun Faransanci, wanda gara ta ci gefensa. Na buɗe a hankali. Akwai lambar mutum, akwai sunansa a karkace yadda kunnen magatakarda ya ji shi, akwai ranar shiga da ranar sallama. Iyakar abin da hukuma ta ga ya cancanci tawada ke nan. Babu wanda ya rubuta ko shi ya kai kansa ko sarki ne ya nuna shi don cika adadin da kumandan ya yanka wa gari. Babu abin da ya ci a cikin jirgi, ko yadda ya yi salla a ƙasar sanyi, ko wanda ya nome gonarsa damina bayan damina. Jikan da ya riƙe akwatin ya ce kakan nasa mai yawan hira ne da dare, yara kuma suna dariya suna tsere masa. Yanzu shi ne yake ƙoƙarin tuno ko da rabin abin da ya ji.

Tarihin takarda a bayyane yake. Faransa ta kafa rundunar baƙaƙen sojojinta a Senegal a 1857, sunan Senegal kuma ya bi su duk da cewa daga baya an ɗebo su daga ko'ina a Afirka ta Yamma. Kusan 200,000 aka kwasa a yaƙin duniya na farko. A 1919 aka mayar da ɗiban soja na dole abin kowace shekara, ko da yaƙi ko babu. Bayan yaƙin Hitila aka tura su Indocin daga 1946 zuwa 1954, sannan Aljeriya. Seyni Kunce da kansa ya bi ta waɗannan wurare biyu da kakin Faransa kafin ya zama shugaban Nijar a 1974. Shi tarihi ya san shi. Dubban da suka koma gona ne suka nutse.

Wanda yake ganin takarda ta isa, ya dubi abin da ya faru a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944. Sojojin da suka dawo daga kurkukun Jamus suka nemi kuɗinsu, aka buɗe musu wuta. Rahoton soja ya ce mutum 35 suka mutu, ya kuma kira abin tawaye. Masu bincike suna maganar ɗaruruwa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne. Shekara tamanin ana jayayya, domin wanda ya harba shi ne ya riƙe alƙalami. Haka ma fansho: dokar ƙarshen 1959 ta daskarar da na tsofaffin sojojin Afirka, abokan yaƙinsu Turawa suna samun ƙari su kuwa suna nan inda aka bar su, ba a kammala daidaitawa ba sai 2011, lokacin da akasarinsu suna kabari.

Abin haushin shi ne, an daɗe da sanin maganin. Tun cikin yaƙin farko Jamusawa suka ɗauki muryoyin fursunoni, har da 'yan Afirka, a sansanin Wünsdorf, kuma faya-fayan suna Berlin har yau, ko da yake harshe suke nazari, ba damuwar mai magana ba. A farkon shekarun 1980 masanin tarihi Joe Lunn ya zaga Senegal da rakoda ya zauna da tsofaffi fiye da tamanin da suka ga wancan yaƙin, ya same su ana saura ƙiris. Mu ma a gida ba a bar mu a baya ba. Da ƙoƙarin irin su Bubu Hama aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda yau ake kira CELHTO, Juulde Layya kuma ya daɗe yana jagorancinta. Cibiyar IRSH ita ma tana da rumbun kaset-kaset. Daga baya wani mai bincike, Klaas van Walraven, ya bi tsofaffin 'yan jam'iyyar Sawaba gari-gari, waɗanda suka ɗauki makami a 1964 da 1965, ya fitar da littafinsu a 2013. Ba don hirarrakin nan ba, da abin da za a sani game da su shi ne abin da 'yan sandan gwamnatin Shugaba Diori suka rubuta. A 2024 an sa wa wani babban titin Yamai sunan Jibo Bakari, jagoran Sawaba. Madalla. Amma allon titi ba ya ba da labari.

Sai dai masu rakodar da, galibi fada suka fi nufa, wurin maroƙa da masu haddace jerin sarakuna. Gari irin Bader, da ba shi da ganuwa ba shi da tambura masu tsohon suna, yakan zo ƙarshen layi. Mata kuwa ko a layin ba sa shiga.

Hirar da ta fi tsaya mini a rai da wata tsohuwa na yi ta, tana zaune kan tabarma tana ɓarar gujiya. Na ce, "Inna, labarin da nake so ki ba ni." Ta yi dariya ta ce ita me ta sani, ai ba ta je ko'ina ba. Daga nan ta shiga ba da abin da babu shi a kowane littafi. Ba ta ƙirga shekara da lamba, da yunwa take ƙirgawa: kafin babban farin da ya kashe shanu, ko bayan El-Buhari, wato yunwar 1984 da ta zo daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka. Ta san ganyen da aka dafa, ta san matar da mijinta ya tafi bai aiko ba, har malamai suka ce ta jira shekara huɗu kafin a raba auren. Yaƙi yana da ɓangaren da ake yi a bakin murhu, kuma matan ne sojojinsa. Mary Smith ta gane haka tun 1949 da ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tana rubuta rayuwarta, har ya zama littafi a 1954. Shekara saba'in ke nan, kuma irinsa a ƙasar Hausa ana ƙirga su da yatsu.

Akwai kuma mazan jiyan da ba mu saba kiran su da wannan sunan ba, domin gashinsu bai gama fari ba. Nijar ta tura sojoji Saudiyya a yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991. An yi tawayen arewa da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, aka sake wani daga 2007 zuwa 2009, kuma a yanki irin wannan ba wuya a samu wanda ɗan'uwansa ya tsaya ta wancan ɓangaren. Tun 2015 ake fafatawa da Boko Haram a Difa. A Inates an rasa soja 71 a rana ɗaya cikin Disamba 2019. Waɗanda suka tsira daga irin waɗannan wurare suna cikinmu, a kasuwa da tasha. Ba su cika magana ba, kuma bai kamata a matsa musu ba. Akwai abin da yake sirrin aiki, akwai abin da yake ciwo. Amma ana iya tambayar mutum yadda ya yi azumi a bakin daga, da wanda ya fara kira da ya samu layi. Sauran zai zo in ya ga dama. Wani zai ce soja da ƙarin gishiri. Gaskiya ne, sai a ji bakin mutum uku a gwada, kamar yadda ake yi wa kowace shaida.

Ranar kasuwa na tsaya a rumfar mai cajin salula, inda faranti ɗaya na hasken rana yake ciyar da wayoyi jere a kan tebur. Samari suna tura wa juna wa'azi da kokawa da waƙa. Kowace waya a teburin nan ta fi na'urar da Lunn ya yi yawo da ita iya ɗaukar murya. Matsalar yanzu ta ajiya ce: katin memori yakan lalace, waya takan faɗa rijiya ko a sayar da ita da rani. Don haka duk abin da aka ɗauka a faɗi sunan mai magana da garinsa da ranar a farkonsa, a nemi yardarsa, a raba wa 'yan'uwa biyu ko uku, a kai kwafi gidan rediyon al'umma mafi kusa ko hannun malamin lakwal.

Ɗan Bader da ke karanta wannan, ko a Maraɗi kake ko Agadas ko Kano, in ka je gida da salla kada ka tsaya kan hoto. Zauna kusa da kakarka bayan isha'i, ka danna wayar, ka tambaye ta wa ya tafi soja a gidanku, da abin da aka ci a shekarar da ya tafi.