ISKAR DA TA ƘI FITA

Shekara goma sha tara ke nan muna riƙe da alli, kuma babu shekarar da za ta wuce ba mu zana huhun ɗan'adam a kan allo ba. Mukan ja layi biyu a na dama mu ce wa yara sashe uku ne, mu ja layi ɗaya a na hagu mu ce sashe biyu ne, domin zuciya ta ci masa wuri. Su kwafa, mu yi maki, a kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. Ko a mafarki ba mu taɓa kawowa cewa wata rana za a miƙo mana takarda da biro, a ce mu sa hannu a cire ɗaya daga cikin sassan nan biyar daga ƙirjin ɗan da muka haifa ba.

A damunar 2017 Allah ya ba mu auta. Lafiya lau ya zo. Ranar suna wanzami ya iso da zabirarsa, ya yi masa aski, ya cire masa beli, babu wanda ya nemi sa hannun kowa. Sai da ya yi mako shida sannan mai ɗakinmu ta lura yana numfashi da sauri kamar wanda ya yi gudu, haƙarƙarinsa na lotsawa, in ya kama nono sai ya saki ya huta, in kuma ya yi kuka leɓensa ya yi duhu. Sau uku muna kai shi ƙaramin asibiti, sau uku ana ce mana limoniya ce, a yi allura mu dawo gida.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai Inna, wato mahaifiyarmu, ta karɓi ragamar jinya. Ta ce, “Malam, yaron nan iska ce ta taɓa shi, ba ciwon asibiti ba ne.” Aka yi turare, aka sha rubutu, aka sake kiran wanzami ya yi masa tsaga bakwai a gefen hagu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai karatu: mu da diflomarmu ta koyarwa, mu ne muka riƙe masa ƙafa.

Yana da wata biyu da rabi muka dangana da asibitin koyarwa. Likitan ya ɗaga hoton ƙirji ya nuna mana: sashen sama na huhun hagu ya kumbura kamar balan-balan, ya danne ɗan'uwansa na ƙasa, ya tura zuciya ɓangaren dama. Ya ce tun a ciki guringuntsin da ke riƙe bututun iska na wannan sashe bai yi ƙwari ba. In yaro ya ja numfashi bututun ya buɗe iska ta shiga, in ya zo fitarwa ya rufe. Kullum tana shiga, ba ta samun hanyar fita. Ashe dai Inna ta canka, iska ce, sai dai ba irin wadda take nufi ba. Ya kuma ce sai an ƙara da hoton si-ti, domin a hoton farko ciwon kan yi kama da iskar da ta tsere daga huhu ta taru a ƙirji, wanda kuwa ya ruɗe ya soka roba don ya fitar da ita, to huhun kansa zai huda.

Dare ba ya gudu a ɗakin jinyar yara. A nan muka yi karatun da ba mu yi a kwaleji ba, rabi daga bakin ƙananan likitoci, rabi daga wayar hannu. Muka gane cewa na yaronmu ɗaya ne daga cikin nakasu da dama da ake haihuwar jariri da su a huhu. Akwai wanda wani sashe ke cika da ƙullutai masu iska ko ruwa maimakon lafiyayyen nama. Akwai wanda ake samun wani guntun huhu a ware, ba shi haɗe da hanyar iska, yana shan jini kai tsaye daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Da yawa daga cikin waɗannan ana hango su tun a hoton awon ciki na wajen mako ashirin, hoton da mai ɗakinmu ba ta yi ba, don a ganinmu haihuwa ta biyar ba ta buƙatar wannan ɗawainiya.

Hanyoyin magani kuwa ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ne ke kai wa ga wuƙa ba. Yaron da aka ga abin a hoto amma yana numfashi lafiya, likitoci kansu sun rabu a kansa. Wasu, musamman a Ingila, kan ce a bar shi ana dubawa lokaci-lokaci. Wasu, musamman a Amurka, sun fi son a cire kafin ya shekara, don gudun ciwon huhu mai yawan dawowa, da kuma ɗan tsoron cewa wani nau'in ƙullutun kan ɓoye ciwon daji. In za a yi aikin, ko dai a tsaga gefen ƙirji tsakanin haƙarƙari biyu a cire sashen, ko kuma a huda ƙananan ƙofofi uku ko huɗu, a zura kyamara da siraran kayan aiki, wanda tabonsa ƙarami ne kuma yaro ya fi saurin tashi. Kai, har tun a ciki ana yin wani abu: a yi wa uwa allurar da kan hana ƙullutun girma, ko a sa ɗan bututu ya riƙa tsiyayar da ruwan, ko ma, in rai na gab da salwanta, a buɗe mahaifa a yi wa ɗan tayi aiki a mayar da shi, kamar yadda ake yi a San Faransisko da Filadalfiya.

Duk wannan kuwa kallon kitse muka yi wa rogo. Da muka jera wa likita abin da muka karanta, sai ya yi murmushi ya ce, “Malam, ka yi ƙoƙari. Amma yaronka ya wuce a jira, kuma huhun da ya kumbura haka ba ya barin wurin da kyamara za ta juya. Tsagawa za mu yi.”

Nan fa gida ya ɗauki zafi. Inna ta ce ba da yawunta za a fede jariri ba. Baffanmu ya aiko cewa duk wanda aka buɗe wa ƙirji ba ya ƙarko. Abin da har yau yake ba mu mamaki shi ne, mutanen da suka miƙa yaron nan ga askar wanzami sau biyu babu hoto babu gwaji, su ne suka tsaya kai da fata cewa wuƙar likita ganganci ce. To amma bai kamata mu ɗora musu laifin duka ba. Kwana tara muka yi da takardar nan a aljihu. Muna fakewa da cewa kuɗi ba su haɗu ba, alhali babur ya riga ya tafi, abokan aiki sun ba mu kwasar adashi ba a layinmu ba. Gaskiyar magana tsoro ne. In ya rasu a hannun Inna, kowa zai ce kwana ne ya ƙare. In ya rasu a ɗakin tiyata, to mu ne muka sa hannu.

A dare na tara ya shiɗe, duk da robar oksijin da ke hancinsa, sai da nas biyu suka taru a kansa. Da asuba likitan ya zaunar da mu a kan benci. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce aikin nan ba sabo ba ne, tun 1945 aka yi wa yaro irinsa a Boston. Ya kuma tuna mana abin da mu kanmu muke koyarwa: huhun jariri bai gama ginuwa ba, ƙananan jakunkunan iska na ci gaba da ƙaruwa a shekarun farko, saboda haka sashen da ya rage zai buɗe ya cike gurbin. Bai ɓoye mana haɗarin zubar jini da na maganin barci ba. Muka sa hannu. Sa hannun da muke yi a kan katin sakamako sau ɗari ba tare da dubawa ba, ranar sai da muka dafa biron da hannu biyu.

Awa uku aka yi. Ya fito da roba a gefen ƙirji, aka cire ta a kwana na uku, aka sallame mu a na goma. Abin da muka fara lura da shi shi ne ya kama nono bai saki ba har ya yi barci.

Yanzu yana firamare, kuma ba a raba shi da ƙwallo. In ya tuɓe riga za ka ga dogon tabon likita ya bi ta ƙarƙashin hammata, tsagar wanzami bakwai na jere a ƙasansa. Inna ta yi jinyarsa fiye da kowa bayan an dawo gida, har kwana take yi zaune tana sauraron numfashinsa. Har gobe in baƙi suka tambaya takan ce rubutun Malam na Ƙofa ne ya yi aiki, likitoci sun dai taimaka. Ba mu taɓa yi mata musu ba. Amma da jikarta ta fari ta sami ciki bara, ita ce ta kira mijin ta tambaye shi ko an je an yi hoton nan na wata biyar.