Bakin Rafi Ma Makaranta Ne



Duk wanda ya daɗe a Badun ya san tsakanin garin nan da ruwa akwai tsohuwar rigima. Dattawanmu ba su manta da ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980 ba, ranar da Ogunpa ya cika ya tumbatsa ya kwashe gidaje da mutane, har Yarbawa suka raɗa wa abin suna Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Matasa kuma sun ga na ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, muna cikin goman ƙarshe na azumi. A wannan daren sama da mutum 100 suka rasu, gadar Apete ta tafi, mutanen Odo-Ona suka kwana a tsaye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Masana suna cewa sauyin yanayi ya sa ruwan sama yanzu yakan zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Mu ma da ba mu yi zurfi a boko ba mun ga alama. Amma akwai wani canjin da hannun mutum ya yi. Ina yaro, ƙananan rafukan da ke kai wa Ogunpa ruwa duk a rufe suke da gora da ciyawa da itatuwa, sai ka kutsa kafin ka ga ruwan. Yau fa? An sare, an yi shaguna, an zuba siminti har baki, abin da ya rage kuma ya zama juji. Ruwan da ƙasa take shanyewa a da, yanzu gudu yake yi a kan siminti, ya faɗa rafi lokaci guda, ya ci gaɓa, ya kwashi ƙasar ya kai ta ƙarƙashin gada ya toshe. Gada ta toshe, ina ruwa zai bi? Sai ɗakin mutane.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wani ɗan aiki da muka fara a daminar bara a Islamiyyar da nake taimakawa. Akwai wani Bayarabe, ma'aikacin gandun daji ne da ya yi ritaya, yana sayen wake da albasa a wurina shekara da shekaru. Wata rana na yi masa kukan yadda gaɓar rafin da ke gangaren makarantar take zaizayewa, har ta kusa cin katangar banɗakin yara. Ya zo ya duba, ya ce zai koya mana gyara kyauta, amma da sharaɗi: malamai zai fara koya wa, sannan yara. Na ce me ya sa? Ya ce yaro zai sauke ya tafi, malami kuwa yana nan, kowace shekara sabbin yara ke zuwa gabansa. Wallahi maganar ta shige ni, don haka muka gaji karatu, daga baki zuwa baki.

Ya zauna da malamanmu yammacin Alhamis huɗu, tunda ranar babu karatu. Abin da ya fara nuna mana ya ba mu dariya: jema! Ciyawar nan da iyayenmu a Arewa suke saƙa zana da ita. Ashe saiwarta ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nitsawa kai tsaye, takan kai mita 2 ko fiye, ta ɗaure ƙasa kamar raga. Ana raba kututturen ƙanana-ƙanana, a datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, a dasa a jere bisa tsawon gaɓa, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa faɗin tafin hannu. In ta haɗe sai ta zama shinge, ruwa ya wuce a hankali, ƙasar da ya ɗauko ta tsaya a bayanta. Bayan layin jema sai gora da tukurwa, can sama kuma itatuwan da ke son danshi irin su malmo da ɓaure. Ya hana mu dogara da ayaba a bakin gaɓa, ya ce saiwarta sama-sama take, ruwa mai ƙarfi zai tafi da ita har da ƙasar. Lokacin dashe kuma farkon damina, Afrilu zuwa Mayu, don saiwa ta kama kafin manyan ruwa su sauko.

Daga nan malamai suka ɗauki yara. Ledar fiya-wata da ke toshe mana kwata, ita yaran suka tsinto, suka huda gindin, suka cika da ƙasa da taki, ta zama wurin renon iri. Kowane aji aka ba shi yankinsa na gaɓa, kowane dashe da sunan mai kula da shi. Mun kafa doka: babu yaron da zai sauka rafi ba malami, babu mai zuwa in hadari ya haɗu, kuma kowa da takalmi saboda kwalba da ƙusa.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Awakin unguwa sun cinye mana kusan rabin itatuwan farko, sai da muka yi wa sauran keji da tsagin gora da tsofaffin kwandunan tumatir. Masu zuba shara da daddare ba su daina ba gaba ɗaya. Amma jemar ta kama, kuma inda ta kama gaɓar ba ta ƙara matsowa kusa da katanga ba har damina ta wuce.

Maganganu biyu na sha ji, kuma daga mutanen da nake girmamawa. Ta farko: ambaliya ƙaddara ce, ciyawa ba ta tare hukuncin Allah. Haka ne, babu mai tare shi. Amma wanda ya koya mana tawakkali, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya kuma sanar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi, ya kuma tsawatar a kan yin bahaya a mashayar mutane. Yaranmu suna haddace waɗannan hadisai a Islamiyya, sannan a aike su da bokitin shara rafi. Wane karatun zai zauna, na baki ko na aiki?

Ta biyu ta fi yi mini ciwo: mu baƙi ne, ƙasar ba tamu ba ce, wa zai yi dashe a gonar wani? Jama'a, tun 1916 aka kafa Sabo. Kakanninmu na fataucin goro da shanu a ƙasar nan aka binne su, 'ya'yanmu da yawa Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Shekara ɗari da ɗoriya muna cewa gobe za mu koma gida! Ranar da ruwa ya zo bai tambayi kowa garinsu ba. Kayan Bahaushe da na Bayarabe tare suka bi ruwa. Ni a ganina, wanda ya dasa itace a bakin rafi ya nuna wa maƙwabtansa cewa shi mazauni ne mai kishin wurin, kuma wannan shaida tana da ranarta in zama ya yi tsami. Abin da ya wajaba dai shi ne neman izini. Mu sai da muka sanar da Sarki, muka je wa masu filin, muka kai takarda ƙaramar hukuma, kafin mu taɓa ko fartanya.

Kada kuma wani ya ɗauka jema za ta tare ruwa irin na 2011. Gyaran dam ɗin Eleyele, yashe rafuka da faɗaɗa gadoji aikin gwamnati ne, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tuna mata. Namu shi ne gaɓar da ke bayan gidanmu: kar ta rufta, kar ƙasarta da shararmu su je su toshe wa na ƙasa da mu hanya.

Roƙona ga shugabannin Islamiyyu da makarantun allo da na boko da ke unguwar nan: kowace ta ba da malami ɗaya kafin ruwa ya sauka. Malamanmu da suka koya a shirye suke su koyar, jemar da muka dasa kuma ta yi kauri, za a iya raba iri daga jikinta. Wanda yake son itatuwa, cibiyar binciken gandun daji ta tarayya tana nan Jericho, ba nisa. 'Yan kasuwa 'yan'uwana, kuɗin fartanya da safar hannu da takalman roba ba su kai cefanen walima ɗaya ba. Iyaye mata, ku bar yaran su zo, kuma a daina aikensu rafi da shara. Masu awaki, don Allah a ɗaure.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da maƙwabtanmu daga sharrin ruwa. Amin.