Kwanakin Jira a Ras Nuwadibu

Litinin, 14 ga Oktoba
Nuwadibu, Muritaniya. Iska tun asuba, yashi har cikin shayi. Da hantsi na sami mota zuwa ƙarshen zirin ƙasar, Ras Nuwadibu, wurin da Faransawa ke kira Cap Blanc. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ɗan ɗakin baƙi, sai doguwar gaɓa da teku ke duka daga ƙasa. Tun 1986 aka keɓe nan saboda karen teku, Monachus monachus. Na zauna har la'asar. Ko kai bai leƙo ba.

Talata, 15
Mai gadi ya ce sai haƙuri, a nan jefi-jefi ake ganin namiji ɗaya. Garken yana can gaɓar yamma, cikin koguna, kuma ba a barin kowa ya je sai ma'aikata. Tun 2001 ƙungiyar CBD-Habitat ta Sifaniya da Annajah ta nan ƙasar ke tsaron wajen: ba raga, ba mai tsayawa a saman kogo. Kyamarori a ciki. Da tabon jiki suke gane kowane babba. Duk duniya babu garke kamar wannan, sama da 300 wuri guda. Saura a warwatse: Girka, Turkiyya, Kubrus, da 'yan kaɗan a Madeira.

Laraba, 16
Ban fita ba. Teku ya fusata, daga ɗaki ma ana jin rurinsa.
Jariran ne a raina. Yanzu lokacin haihuwa ne. Asali a fili uwa take haihuwa, kan rairayi. A 1436 Fotugisawa suka tarar da dubbai kwance a gaɓar Rio de Oro, arewa da nan, suka yi ta yanka saboda fata da mai. Waɗanda suka tsira su ne masu ɓuya. To kogo ya hana mutum shiga, amma bai hana igiyar ruwa ba. Ta shigo da ƙarfi, ta fizge jaririn da bai gama ƙwarewa a iyo ba, ta raba shi da uwa ko ta maka shi da dutse. Mu muka tura su can. Yau da dare nawa za a rasa?

Alhamis, 17
Iska. Shayi uku. Jirgin ƙasan tama ya shigo daga Zuwerat, ƙura ta rufe gari.

Juma'a, 18
Bayan masallaci, tashar masunta. Kwale-kwale ba iyaka. Wani dattijo mai gyaran raga ya tuna 1997, shekarar da ruwa ya yi ta turo gawarwaki. Cikin kusan wata biyu kashi biyu bisa uku na garken ya tafi, daga sama da 300 zuwa kusan 100. Masana sun rabu: wasu sun ce gubar gansakukar teku ce ta bi ta kifi, wasu sun ce ƙwayar cuta. Na ce, Baba, ba sa ɓata muku raga? Ya ce suna ɓatawa mana, kuma raga ma tana cin 'ya'yansu. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Asabar, 19
Alhamdu lillahi. Ya fito!
Wajen sha ɗaya, dab da duwatsu. Baƙin kai mai sheƙi, dogon gashin baki, hanci ya buɗe ya ja numfashi ya rufe. Ya mirgina, sai ga farin tabon ciki, namiji ke nan. Jiki kamar na bijimi, suna kai kilo 300. Ya nutse, na ƙura ido har na fid da rai, ya sake ɓullowa can gaba. Hannuna na rawa, hoto ko ɗaya bai yi kyau ba.

Litinin, 21
Jiya da yau shiru.
A 2015 hukumar kare halittu ta IUCN ta sauke wannan karen teku daga matakin haɗarin ƙarewa mafi tsanani, a 2023 ta ƙara sassautawa. Abin murna ne, na kuma yi murnar. Amma duka-duka ba su wuce dubu ba, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku a 'yan kogunan nan suke. Annoba ɗaya irin ta 1997 ta isa. Tsorona kada masu ba da kuɗi su ga an sassauta su ɗauke hannu. Ɗan'uwansa na tekun Karibiyan, tun 1952 ba a sake ganinsa ba.
Mai gadi ya ce zai tambayo mini labarin jariran bayan guguwar Laraba. Gobe in koma, in an sami mota.