Kafin ka danna fomat, tsaya tukuna

'Yan ajin ƙarshe, wannan na ku ne, musamman waɗanda suka sa Ubuntu saboda aikin furojek. Idan ka jona diskin waje kwamfuta ta ƙi buɗe shi, ba lallai ba ne ya mutu. A hostal ɗinmu nan Ibadan, maganar farko da za ka ji ita ce "kawai ka yi fomat". Wallahi duk wanda ya ce maka haka, ba babinsa na huɗu ba ne a ciki.

Makon jiya abokin ɗakina ya dawo daga shagon buga takardu, inda aka zare masa diskin ana cikin kwafi. Ya jona a Ubuntu 24.04, sai ga saƙo mai ɗauke da "wrong fs type" da "bad superblock". Bayanan da ya yi wata biyar yana tarawa a kasuwar Bodija duk suna ciki. Mutumin nan ko shinkafar da muka dafa bai iya taɓawa ba.

Abin da muka fara yi shi ne buɗe Terminal, muka rubuta lsblk. Diskin ya fito a matsayin sdb1, da girmansa daidai. To nan hankali ya ɗan kwanta, don kwamfuta tana ganinsa ke nan, buɗewa ce kawai ta ƙi. Da bai fito ba sam, da waya ko kafar USB za mu fara zargi, ko wutar da kafar ke bayarwa ta yi masa kaɗan.

Dalilin ƙin shi ne tsarin diskin NTFS ne, irin na Windows. Idan aka zare shi ba a sallame shi ba, ko aka ɗauke wuta ana rubutu, akan bar masa alamar cewa ba a rufe shi lafiya ba. Linux kuwa in ya ga alamar nan sai ya ja baya, gudun kada ya ƙara ɓata abin da ke ciki. Ni dai ina ganin gaskiyarsa ce.

Za ka ga ana ta cewa a yi ntfsfix. Yana iya goge alamar, amma gyaran da yake yi ɗan kaɗan ne. Mu aron kwamfutar Windows muka yi a ɗakin da ke kusa, muka yi chkdsk da /f, ya gama, muka sallami diskin yadda ya kamata. Da muka mayar Ubuntu, nan take ya buɗe.

Wanda zai riƙa yawo tsakanin Windows, Linux da Mac ɗin malamin da ke duba aikinsa, ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, ya tabbatar sun buɗe a can, sannan ya mayar da diskin exFAT. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kai, FAT32 kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4.