Buhun Dusar Baba

Saura wata biyu Babbar Sallah na je gida Malumfashi, na tarar Baba ya turke raguna shida kamar yadda ya saba duk shekara. Da la'asar sakaliya mai keke napep ya sauke buhunan dusar masara da na kowa a ƙofar zaure, har da anguryar da Baba yake sayowa a Funtuwa ya haɗa musu. Da na ga yana naɗe hannun riga sai na yi wuf na riga shi. Shekaruna 34, shi kuwa ya haura 70. Na sunkuya ƙafafuna a miƙe, na cafki kunnuwan buhu, na fizgo, na murɗa jiki zan shiga da shi. Nan take na ji kamar an soka mini tsinke a ƙugu. Kwana huɗu ina sallah a zaune.

Ƙannena sun sha dariya. Baba bai yi ba. Ni ɗan fari ne, ba ya kama sunana, sai ya ce, "Kai da kake aiki da yatsu, me ya kai ka?"

Gaskiyarsa. Rubuta manhaja ce sana'ata, nakan wuni a kujera gaban kwamfuta. Ina kwance na yi abin da na iya, wato bincike. Ashe ba nauyin kaya kaɗai ke karya mutum ba, har da tazararsa da jiki. Duk yadda buhu ya yi nisa da cikinka, haka nauyin da ke sauka a ƙashin baya yake ƙaruwa, murɗa ƙugu da kaya a hannu kuma ya ƙara dagula lamarin. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tsayar da kilo 23 a matsayin abin da ya dace mutum ya ɗaga, shi ma in komai ya daidaita. Mu kuwa buhun masararmu kilo 100 ne.

Sai na tuna 'yan dakon kasuwar Dandume. Ba ka ganin gwani ya sunkuya ya suri buhu daga ƙasa shi kaɗai. Mutum biyu ke ɗaga masa, ya ɗan rusuna, ya karɓa jikinsa a haɗe da kayan, ya miƙe da ƙarfin cinya. In zai juya, ƙafafu yake juyawa. Baba ma haka yake yi: ya tsuguna, ya tsayar da buhu, ya rungume shi, ya mirgino shi kan gwiwa, sannan ya tashi. Abin da na karanto da Turanci, tun ba a haife ni ba jikinsa ya haddace.

Amma a dare na uku, barci ya ƙi zuwa, na jiyo shi yana ce wa Inna ta miƙo man zafi. Na ji nishinsa lokacin da take murza masa baya. Dabara tana rage wahala, ba ta mayar da shekaru.

To, ta yaya ɗa zai ce wa mahaifinsa ƙarfinka ya ja baya? Ragunan nan ba don kuɗi kawai yake kiwonsu ba. Su ne shaidar cewa har yanzu shi ke riƙe da gidansa.

Da na samu sauƙi sai na bi ta wata hanya. Na ce, "Baba, dusar nan a ƙasa danshi zai kama ta in ruwa ya sauka, ga ɓeraye." Ya yi shiru, ya ce haka ne. Na kira magini ya yi dakali a ɗakin ajiya, tsayinsa daidai ƙugu. Na sayi baro. Na roƙi mai kawo kayan ya riƙa raba kowane buhu gida biyu tun daga kasuwa, na ce saboda bayana ne in na zo. Daga kan dakalin ake ɗiba da kwano a zuba a bokiti, babu sunkuyo, babu sura.

Bayan Sallah na buga waya. Baba ya ce raguna sun yi kasuwa, dusa kuma ko kaɗan ba ta yi tsami ba. Bai ambaci bayansa ba, ni ma ban tambaya ba. Da aka miƙa wa Inna wayar, ta rage murya ta ce, "Kwalbar man nan fa har yau ba ta ƙare ba."