Wayar da ke aljihuna

Wanda muka yi hayar ɗaki ɗaya da shi a Kaduna mutum ne mai fuska biyu. A waje shi ne mai durƙusa wa dattawa, shi ne sahun gaba a masallaci. Rigimarmu ta faro daga kuɗin haya da na ba shi ya cinye, ta kai ga yana kwana da wuƙa ƙarƙashin katifa. Cikin sanyin murya yake ce min, “Ka sake tayar da maganar kuɗin nan, sai dai uwarka ta haifi wani.” Da na kai ƙara wurin mai gidan, dariya ya yi, wai yaron da ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba.

Daga nan na fara kunna naɗar murya, in jefa wayar a aljihun kaftani kafin in shiga ɗaki. Amma raina bai kwanta ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu a Suratul Hujurat cewa bin diddigin sirrin mutane haramun ne, ga kuma tsoron kada garin neman gira in rasa ido, ni da aka zalunta in koma mai laifi. Sai na nufi wurin kawuna, lauya ne.

Bai ko saurari muryar da na naɗa ba ya jefo tambaya: “Kana wurin ya faɗa, ko ajiye wayar ka yi ka fita?”

“Ni yake faɗa wa, Kawu.”

Ya ce to da sauƙi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, da gidansa, da hirarsa ta waya, don haka ɓoye waya ta ɗauki hirar abokin ɗakina da wasu shiga hurumin da ba nawa ba ne. Maganar da aka faɗa min ido da ido kuwa, ni ma shaida ne a kanta, kuma barazanar kisa laifi ce a Final Kod. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 14 da na 15, ta bar wa alƙali damar karɓar hujja ko da hanyar samunta ba ta da tsabta, bayan ya auna. Sashe na 84 kuma yana neman takardar bayanin na'urar da aka yi naɗin da ita, shi ya sa Kawu ya hana ni yanke ko daƙiƙa ɗaya, ya hana ni sayar da wayar.

Inda Kawu ya fi ɗaga murya shi ne batun watsa muryar a WhatsApp. Abokai sun dame ni in watsa a tona wa abokin ɗakin nawa asiri. Ni ma a ganina wannan ramuwa ce, kuma za ta iya jawo min ƙarar ɓata suna. Mutum uku suka ji muryar: Kawu, mai unguwa, da ɗan sandan da ya rubuta ƙorafina. Mai gidan da ya yi min dariya, a bakin mai unguwa ya ji labari.

Kai da ke kwana ɗaki ɗaya da irin wannan mutum, kada ka zauna jiran ya ƙara faɗar wata don hujjarka ta yi ƙarfi. Kwashe kayanka tun da rana, ka je caji ofis da wayarka.